Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Buɗewa

Da hantsin Asabar Inna Iyatu ta kira ɗiyarta Zakiyya a waya, ta ce in da hali ta zo gida unguwar Gawon Nama, babanta ya ƙi karya kumallo.

"Ba shi da lahiya?" in ji Zakiyya.

"Lahiyarshi lau. Kwamfuta ce ta ƙi buɗe mai, yau kwana ukku. Shina nan zaune gabanta."

Zakiyya malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma a gidansu ita ake nema duk sanda wata na'ura ta yi gardama. Ta bar 'yarta wurin uwar mijinta, ta tari Keke Napep daga unguwar Arkilla. Watan Afrilu ne, tun kafin ƙarfe sha ɗaya kwalta ta ɗauki zafi.

Ta iske mahaifinta, Malam Hayatu, a ɗan ɗakin karatunsa da ke kusa da zaure, daga shi sai singileti da wando, tabarau a kan hanci. Shekara talatin da biyar ya yi yana duba makarantun Arabiyya a ma'aikatar ilimi. Da ya yi ritaya ya sayi wannan kwamfutar tebur, ya koya wa kansa bugu da yatsa biyu, ya ɗauki aiki guda: tattara tarihin mahaifinsa, wanda ya karantar a wani zaure kusa da Hubbare, da juya wasiƙunsa da waƙoƙinsa na ajami zuwa boko. Shekara shida ke nan yana kai. Duk aikin yana cikin kwamfutar, bai taɓa kwafe shi a wani wuri ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa a gajarce, ya nuna mata fuskar kwamfutar.

"Wagga abu ta lalace. Abin da nika bugawa kullum shi nika bugawa, ta ce ba shi ba ne."

"Bari in gani, Baba."

Ta jawo kujera. Ta fara da abin da kowa ke farawa da shi: ta duba ko madannin manyan baƙaƙe a kunne yake. A kashe yake. Ta kife kibod ɗin, wato allon madannan, ta bubbuga, ƙura da ɓawon gyaɗa suka zubo. Ta zare wayarsa ta mayar. Sai idonta ya kai can ƙasan kusurwa, ta ga ashe harshen bugu yana kan Larabci. Mahaifinta yakan sauya shi idan zai kawo aya ko baiti.

"To ga ta nan, Baba," ta ce da murmushi. "Kana buga boko, ita kuwa tana jin Larabci."

Ta mayar da shi kan boko. Malam Hayatu ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya buga a hankali, baƙi bayan baƙi. Wata ƙaramar da'ira ta ɗan juya, sai wani rubutu na Turanci ya fito, wai kalmar sirrin ba daidai ba ce. Ya yi sauri ya danna ya kawar da shi.

"Kin gani?"

"Mi ne kalmar, Baba? Hwaɗa mini in buga da kaina."

Ya ɗan yi jim, kamar wanda aka ce ya ba da makullin akwatinsa. Daga baya ya faɗa: sunan mahaifinsa, Ubaidullahi, da shekarar rasuwarsa. Ta buga da babban baƙi a farko, ta buga da ƙanana duka, ta sa shekarar Hijira, ta sa ta Miladiyya. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya, ta jira, ta kunna. Babu abin da ya sauya. Inna ta leƙo da kwanon fura, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma.

Zakiyya ta kira Gazali, mai gyaran kwamfutocin makarantarsu, ta bayyana masa duk abin da ta gwada.

"Malama, in dai kibod na aiki, inji bai ƙarya," in ji shi. "Kalmar ce ba ita ba. Ina iya zuwa Litinin in cire maku abin da ke ciki. Kada dai ki bari wani shi ce zai goge ta shi sake zuba mata manhaja, aikin Malam zai tahi. Amma dakata. In an buga kuskure, ba ta nuna wani ɗan rubutu ƙasan akwatin? Wanda mai ita ya aje don shi tuna?"

Ta sake buga kuskure da gangan, wannan karon ta hana hannun mahaifinta kaiwa ga linzamin kwamfutar. Ga shi nan kuwa, ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin akwatin, kalma ɗaya da Hausa: amaryata.

Ta yi wa Gazali godiya ta kashe wayar. Har ta buɗe baki za ta yi dariya, don ta gane nan take. Ranar sunan 'yarta, shekara biyu da suka wuce, Malam Hayatu ya ɗauki jaririyar ya ce ya yi sabuwar amarya, wai Inna ta tattara kayanta ta ba ta wuri. Tun daga ranar bai kiran yarinyar da wani suna sai wannan, irin wasan kaka da jika. Shi ya zaɓa mata sunanta na yanka ma, shi ya yi mata huɗuba.

"Baba, ashe ka canza kalmar. Ga abin da ka aje nan."

Ya matso da fuskarsa, ya karanta, ya ja baya.

"Na ga wanga tun shekaranjiya. Ba ni na rubuta shi ba. Wani ya shiga cikin kwamfutar."

"Kai ka rubuta, Baba. Amaryarka."

"Wace amarya? Ni da ban taɓa aje mace ba bayan uwarku?"

Ta dube shi tana jiran ya murmusa. Bai murmusa ba. Fuskarsa ta mutumin da aka yi wa ƙazafi ce. Fanka na juyawa a sama tana kaɗa iska mai zafi, a waje wani mai mangwaro yana tallarsa.

"Ɗiyata, Baba," ta ce a hankali. "Jikarka. Mi ne sunanta?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya cire tabarau ya goge da gefen singileti, ya mayar. Ta ga leɓɓansa suna motsi, yana bin sunayen 'ya'yansa da na 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai lalube a aljihu.

"Yarinyar nan mai..." Ya kwatanta tsawonta da hannu. "Na san ta mana."

Zakiyya ba ta ƙara tambaya ba. Ta juya ga kibod ta buga Khairiyya. Kwamfutar ta buɗe.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Hayatu. "Mi kika yi mata?"

"Ɗan gyara ne, Baba. Sha furarka."

Ya ɗauki kwanon ya fita tsakar gida, ransa ya yi sanyi. Ita kuwa ta zauna ta buɗe babban fayil ɗin aikin, da niyyar kwafe shi a filashin ajiyar bayanai da ke cikin jakarta. Shafi ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta gangara zuwa ƙarshe don ta ga inda ya tsaya. Akwai labarin yadda mahaifinsa ya je Wamakko da jaki a shekarar wata ambaliya, ya kwaso littattafan wani abokinsa. An rubuta shi da kyau. A shafi na gaba, ga labarin kuma, kusan kalma da kalma. Ta ci gaba. Sau biyar ta ƙirga shi. Na ƙarshen bai kai ƙarshe ba, ya tsaya a tsakiyar jimla.

Ta kwafe komai, ta tashi ta sami Inna a madafa tana tsince shinkafa.

"Inna, tun yaushe?"

Inna ba ta ɗago ba. "Tun yaushe mi?"

"Bai san sunan Khairiyya ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin faranti. Da ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Tun bayan babbar salla. Ran nan ya tahi ziyara Hubbare, hanyar da ya bi tun shina yaro, sai wani mai shago ya kawo shi gida bisa babur. Wai ya gan shi tsaye bakin titi bai san inda za shi ba. Watan jiya ya ja muna sallar magariba, ya yi raka'a huɗu. Ban ce mai komai ba."

"Don mi ba ki hwaɗa muna ba?"

"In ce mi? In ce Malam ya ruɗe? Mutumin da mutane ka zowa tambaya tai nasabar gidajensu?" Ta share ido da bakin mayafi. "Na ce ko zahi ne. Na ce in damina ta sauka zai warware."

Zakiyya ta zauna a kan turmi. Ta tuna watannin nan da take zuwa a gurguje, ta gaishe shi, ya tambaye ta makaranta, ta amsa, ya sake tambaya, ta ɗauka hira ce irin ta tsofaffi.

Kafin ta tafi ta sake kiran Gazali, ya bi da ita mataki-mataki har ta cire kalmar sirrin gaba ɗaya, yadda da an kunna kwamfutar za ta buɗe. Tana cikin haka mahaifinta ya shigo ya tsaya a bayanta.

"Zakiyya."

"Na'am, Baba."

"Khairiyya ne sunanta." Ya faɗe shi kamar mai ba da amsa bayan an tashi daga jarrabawa. "Ni na sa mata shi."

"Kai ne, Baba."

"Ɗazu ya ɓace mini." Ya dafa bayan kujerar. "Ba shi kaɗai ba. Kada ki hwaɗa ma uwarki, hankalinta zai tashi."

Ta ce to. Ba ta iya juyowa ta dube shi ba.

Ranar Laraba ta ɗauki izini a makaranta, ita da yayanta Mu'az suka kai shi asibiti. Likitan ya yi masa tambayoyi masu sauƙi: yau wace rana ce, me ya ci da safe, ya riƙe kalmomi uku ya maimaita bayan minti biyar. Malam Hayatu ya kawo ɗaya. Da aka tambaye shi malaman da ya yi karatu a wurinsu, ya jero su goma sha ɗaya har da garuruwansu. Bayan hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jini, likitan ya keɓe 'ya'yan ya gaya musu cewa ciwon mantuwa ne na tsufa. Akwai maganin da zai iya rage masa gudu, amma babu mai mayar da abin da ya tafi. A mota Mu'az ya yi ta maganar wani asibiti a Kaduna. Zakiyya ta bar shi ya yi, don ta san shi ma hanyar kukansa ke nan.

Malam Hayatu bai ƙara zama gaban kwamfutar shi kaɗai ba. Yakan kunna ta, ya dubi rubutun, ya kashe. Sai Zakiyya ta mayar da Asabar ranar aikin. Takan zo da hantsi, ta zauna a kujerarsa, shi kuma ya kishingiɗa a tabarma da tsofaffin takardun ajami a gabansa, yana karantowa tana bugawa. Abin da ya shige shekara sittin yana nan garau a kansa. Wata rana sukan yi shafi uku, wata rana rabin shafi ya ce ya gaji. Akwai wasiƙu arba'in da ɗaya da ba a juya ba, kuma ita ba ta iya karanta ajamin kakanta, hannunsa ya cika ƙanƙanta. Ta fara ɗaukar muryarsa a waya yana karantawa, ko da bugun bai cim masa ba.

Wata Asabar a farkon damina, ana yayyafi, ya tsaya a tsakiyar wata wasiƙa ya ce ta karanto masa abin da ta buga. Ta karanto. Ya gyara mata sunan wani ƙauye, ya ce da harafin dal ake rubuta shi, ba da harafin ta ba. Sannan ya dube ta da kyau, cikin ladabi irin wanda yake yi wa baƙi.

"Kina da ƙoƙari ƙwarai," ya ce. "Nan unguwar kike?"

"Nan nike, Baba."

"Madalla. To mu ci gaba."

Ta mayar da hannunta kan kibod, ya ɗaga takardar zuwa hasken taga ya nemi layin da ya tsaya.