Taga a Bangon Yamma

Ɗakin Baba ya fi kowane ɗaki sanyi a Ƙauyen Injiniya. Ba ni na faɗa ba, ma'aunin zafin da aka rataye a ƙusa saman kansa ne ya nuna, kuma an rubuta a littafi.

Ni na gina ɗakin. Kafin nan ba abin da na taɓa zama na gama. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi wata uku a gidan burodi a garin Ƙina, na yi faci a tasha, na bi jirgin ruwa zuwa Aswan na dawo a mota. Shekarar da ambaliya ta cinye ƙauyenmu muka koma tanti, sai ga Injiniya Ramzi daga Alƙahira da takardunsa a naɗe. Ya ce zai gina gida arba'in da laka zalla, ba siminti, ba rodi, ba azara. Duk wanda ya sa hannu ya gina zai zauna a ciki, bayan shekara biyar a ba shi takarda da sunansa, muddin bai canza komai daga zanen ba. A lokacin da wannan abu ya faru muna cikin shekara ta huɗu.

Aikin ya kama ni, ban san dalili ba. Da asuba mu shiga ramin laka mu tattaka da ƙafa, a zuba ƙaiƙayi da kashin shanu, mata su buga tubali su jera a rana. In an kaɗa ƙarfe mu taru ƙarƙashin babbar ƙubba mu ci wake da gurasa a faranti ɗaya. Wani lokaci ɗalibai Turawa su zo da manyan huluna, su buga tubali uku, su shafa laka a kumatu a ɗauke su hoto, mu kuma mu sake buga tubalin bayan sun tafi. Shugaban magina shi ne Usta Dahab, wani tsoho Banube daga can kudu da Aswan, mai haƙori huɗu. Shi ya koya mini rufin baka, inda tubali ke jingina da tubali har su haɗe a sama, ba abin da ya tokare su sai junansu.

Ana tsakiyar yankan rake ɓarin jikin Baba ya shanye. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a dakalin bakin hanya, ya san jakin kowa da sunan uwar mai jakin. Sai ga shi kwance a ɗaki mai ƴan ramukan iska can sama kusa da rufi. Bayan bangon yamma hanya ce, ta bi gefen ruwan noma. Yana jin takun mutane, ba ya ganin kowa.

Sau ɗaya muka fitar da shi a kan ƙyauren ƙofa, ni da maƙwabcinmu. Yara suka taru suna kallon bakinsa da ya karkace. Da muka mayar da shi ya riƙe rigata da hannunsa mai lafiya.

"Badawi, kada a sake ɗaukata a kan katako ina numfashi. Ranar tana zuwa, ku jira ta."

Sau uku a rana Nirmin take shigowa, ɗalibar Injiniya, ta duba ma'aunin ta rubuta.

"Ƴata, yau nawa na kai?"

"Ba kai ake aunawa ba, Baba Gad, ɗakin ne."

"To alhamdu lillahi, ɗakin dai yana samun lafiya."

Ta yi dariya, sannan ta ji kunyar dariyar. Bayan ta fita ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, "Da ka ɗan huda mini nan, ko kamar faɗin faranti. In ga ƙafafun mutane ma ya isa."

Ranar Alhamis Injiniya yake zuwa. Na tare shi yana duba harsashin wani gini, na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa. Ba mugun mutum ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya cire tabarau ya saurare ni har na gama.

"Bangon yamma? Badawi, kai ma magini ne. Ranar la'asar za ta shigo ta gasa shi."

"Ya ce ya yarda, ranka ya daɗe."

"Ka mayar da shi ɗakin da ke kallon tsakar gida mana."

"Me zai gani a tsakar gida? Tulu?"

Ya mayar da tabarau a idonsa. Ya ce mutanen ma'aikatar gidaje za su zo ƙarshen zafi su duba littafin Nirmin, kuma ɗakinmu ne hujjarsa mafi ƙarfi. In lambobin suka gamsar da su, ƙauye goma irin wannan za a gina wa mutanen da har yanzu suke tanti. "Wata huɗu kawai. Bayan nan ni da kaina zan zana maka taga mai kyau."

"In ya kai wata huɗun."

"Rai a hannun Allah yake, ɗana."

Na ce haka ne. Me zan ce?

Na sami Usta Dahab yana shan shayi a inuwar tarin tubali. Tun kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Kar ka gaya mini. Kunnena na hagu ya mutu, na daman kuma na Injiniya ne."

"Usta, taimakona za ka yi."

"Ni? In huda bangon da na sa aka gina? Kai dai ɗan banza ne tun ranar da ka zo." Ya kurɓi shayi. "Sai dai na taɓa jin labarin wani jaki da ya tashi huda bangon da ke ɗauke da rufi. Da yake jakin yana da ɗan hankali, bai fara daga ƙasa ba. Ya sassaƙa baka daga sama, ya jera tubali bakwai a ciki, ya bari suka kama, sannan ya zare na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Jaki ne fa, ba ɗalibina ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ranar Juma'a ba a aiki. Na lulluɓe Baba da zani saboda ƙura, na ɗauki gizago. Kaurin bangon kamu ɗaya da rabi ne, kuma ni na san yadda na tsuke shi, sai da tafin hannuna ya fashe. Ana kiran sallar la'asar na zare tubalin ƙarshe. Haske ya faɗo kan shimfiɗa. Baba ya yaye zanin da kansa, ya ƙifta ido, ya ƙifta.

Mutum na farko da ya wuce Hajjaj ne mai sayar da tulu, yana jan jakinsa.

"Kai Hajjaj! Har yanzu ba ka raba wannan jaki da wahala ba? Ai ya girmi ubanka!"

Hajjaj ya waiga hagu ya waiga dama, sai ya ga fuska a cikin bango. Ya saki igiya ya dafe ƙirji.

"Gad! Na rantse na ɗauka daga kabari kake magana!"

"Daga can ne, an ɗan buɗe mini."

Kwana tara tagar ta yi kafin a ta da maganarta. A kwana taran nan Baba ya sasanta rigimar ruwa tsakanin mutum biyu, ya hana wani sayen saniya mai ciwon kofato, ya ci abincin da ya fi na wata guda. Mata masu dawowa daga gona suna miƙo masa kubewa da ganyen albasa. Gaskiyar Injiniya kuma ta fito. Daga azahar ɗakin sai ya koma tanderu, ƙudaje suka samu hanya, rigar Baba ta riƙa jiƙewa sharkaf. Na rataya jiƙaƙƙen buhu, ya ce in cire, yana tare masa hanya.

Nirmin ta tsaya gaban ma'aunin ta daɗe ba ta rubuta ba.

"Ya hau da huɗu," ta ce da ni a hankali. "Badawi, ba zan iya rubuta ƙarya ba."

"Wa ya ce ki rubuta ƙarya?"

Ta rubuta.

Ranar Lahadi ta biyu aka kaɗa ƙarfe ba lokacin abinci ba. Na ɗauka da Injiniya zan yi, ashe da maƙwabtana ne. Shi ya zo ko da yake ba ranarsa ba ce, yana zaune gefe yana juya tabarau a hannu. Matar da aka hana ta kafa akurkin kaji a kan rufi ita ta fara. Sai Alhaji Rifa'i ya miƙe.

"Ni na je Ɗakin Allah na dawo. A ƙauyenmu na da, da yanzu an zana mini jirgi da Ka'aba a bango, kowa ya wuce ya san gidan Alhaji ne. Nan aka ce kar in ɗiga ko ɗigon fenti, na haƙura. Shekara biyu da dawowata, gidana kamar na wanda bai taɓa fita daga gari ba. Sai kai, da ba ka gama aji biyu ba, ka ɗauki gizago?"

"Alhaji, zane ba ya numfashi. Ubana yana yi."

"Kowa yana da uba! Saura shekara ɗaya a ba mu takarda. In mutanen ma'aikata suka ce an karya sharaɗi, ubanka ne zai ba mu gida?"

Aka yi ta hayaniya. Na duba wajen Usta Dahab, yana ta gyaran rawaninsa kamar yau ya fara naɗi. Ƙarshe kwamitin ƙauyen ya yanke: kafin Alhamis in toshe, ko mu bar gidan.

Na ce mun bari. Na faɗa da ƙarfi, har na ji daɗin faɗar. Ƙafata ta daɗe tana ƙaiƙayin tafiya, na san wani a Aswan, na ma fara lissafin motar da za ta ɗauki mai jinya.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, Hajjaj ya kai masa ta tagar.

"Zauna," in ji Baba. "Ina za ka kai ni?"

"Duk inda aka samu."

"Duk inda aka samu. Haka ka ce ranar da ka bar makaranta. Haka ka ce wa mai gidan burodi." Maganar tana fita da ƙyar ta gefen bakinsa, ya tsaya ya haɗiye. "Shekara huɗu ina kallonka kana tashi da asuba ba wanda ya tashe ka. Ban taɓa gaya maka ba, don kar bakina ya kama ka. Yanzu za ka zubar, a ce saboda ni? In mutu a ɗakin haya, kai kuma ka koma bin tasha?"

"Baba, kai ka ce in huda."

"Ni na ce. Yanzu kuma ni na ce ka toshe. Ko sai maganar da ta yi maka daɗi ce tawa?"

Ya mayar da idonsa wajen tagar.

"Na ga abin da zan gani. Jakin Hajjaj ne dai, bai canza ba."

Ranar Laraba da hantsi na kwaɓa laka a bakin hanya. Daga waje na tsaya, don haka fuskarsa tana gabana. Na jera layi na farko, na biyu. Yana ta magana kamar ba abin da ake yi. Ya ce ruwa ya ragu bana, ya ce wancan dabinon na bakin gada yana bukatar a sare masa busassun ganye, in gaya wa mai shi. Wata yarinya ta wuce da akuya, ya tambaye ta ƴar wa ce. Da na kai layi na biyar bakinsa ya ɓuya, saura ido da goshi.

"Wannan ya karkace," ya ce daga ciki. "Na hagun. Cire ka sake."

Na duba. Ya karkace ɗin. Na cire na sake.

Ƙarƙashin bakan sai da na fasa tubali gida biyu kafin ya shiga. Na cusa laka da yatsa a duk inda haske zai iya bi. Sannan na yi yaɓe, na jiƙa gefe da gefe don sabo ya haɗu da tsoho, na goge da tafin hannu har sau uku.

Ina wanke hannu Usta Dahab ya iso. Ya shafa bangon sama da ƙasa, ya matsa baya ya karkata kai, ya sake shafawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ka sani, Usta."

"In ya bushe, ko ni ba zan gane wurin ba." Ya tofar da yawu gefe. "Gobe za a fara rufin gida na talatin da takwas. Bayana ya gaji. Kai za ka ja aikin."

Na ce to.

Na shiga da kwanon miya. Idona ya ɗauki lokaci kafin ya saba da duhun. Ɗakin yana warin ɗanyar laka, har ya fara sanyi. Baba yana nan yadda na bar shi, fuskarsa a wajen jiƙaƙƙen tabon. Na kai masa cokali, ya kau da baki.

"Juya ni," ya ce.

Na ajiye kwanon, na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa, na juya shi ya fuskanci ɗaya bangon.