Sunayen Foldar Maman Lukuti

"Ta taka, Yaya! Wallahi da ƙafarta ta taka, daga bakin gado har gindin firji!"

Tun ba ta gama shigowa shagon ba Maman Lukuti ta fara ba da labari, goyo a baya, kwamfuta rungume a ƙirji, sallama ma sai daga baya ta tuna da ita. Mai gyaran, wata doguwar mata da duk layin ke kira Injiniya, ta ɗago kai daga wayar da take kwancewa.

"Wa ya taka? Kwamfutar?"

"Lukuti mana! Kwamfutar ai mutuwa ta yi. Na zo in tura wa babanta bidiyon, ta yi ƙyas-ƙyas, ta ɗauke."

Sai a nan murnar ta gushe mata. Baban Lukuti a jirgin ruwa na dakon kaya yake aiki. Da tsohon ciki ya bar ta, har yau bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba, sai a hoto. Kafin ya tafi ya buɗe mata akawun na imel, ya sa kalmar sirri, ya ce wa burauzar kwamfutar, manhajar shiga intanet, ta riƙe. To ita ke riƙe da ita har yau, don Maman Lukuti ba ta taɓa sanin ta ba. Wayar da aka yi rajista da lambarta kuwa ta daɗe da ɓacewa a bas. A cikin akawun ɗin nan adireshin jirginsu yake, da duk wasiƙunsa, da hotunan asibiti na ranar haihuwa waɗanda babu su a ko'ina.

Injiniya ta kwance bayan kwamfutar, ta zaro faifan ajiyar, ta haɗa shi da tata da wata 'yar igiya. Ta kara kunne. Ƙyas. Ƙyas.

"Ƙanwata, wannan faifan yana kan gargara. In na samu na kwashe jakar burauzar gaba ɗaya, akawun ɗinki zai buɗe a wata kwamfutar kamar ba a yi komai ba. In ya riga mu cikawa, sai haƙuri. Kina da filashi? Ni ba na ajiye sirrin mutane a na'urata."

Tana da shi, ɗaure a bakin zani. Ta karɓi linzamin kwamfutar da kanta, ta danna, ta danna, ta sake dannawa, har ta kai inda take so.

"Sa shi nan. Nan nake ajiye komai na yanzu."

Injiniya ba ta ko duba ba, hankalinta na kan faifan. Ta ja jakar ta sake. Koren layi ya fara rarrafe. Maman Lukuti ta kafa masa ido tana jijjiga goyo, alhali yarinyar ba kuka take ba. Layin ya wuce rabi. Sai wani akwati ya faɗo tsakiyar allon da Turanci, layin ya tsaya cak.

"Me ya ce? Yaya, me ya ce? Ya mutu?"

"Dakata." Injiniya ta matso da fuska. "Wai hanyar ta yi tsawo. Wace hanya kuma? Ina kika kai ni?"

Ta danna saman allon, adireshin wurin ya fito duka. Ta fara karantawa a fili, muryarta na ƙara hawa.

"'Ranar da aka haifi Lukuti na sha wuya amma alhamdulillahi.' A cikinta, 'Yau ta yi dariya sak irin ta kakarta har da lotsawar kumatu.' A cikinta kuma, 'Haƙori ya fito ta cije ni ban ji haushi ba ko kaɗan.' Sannan, 'Rarrafe ya kankama ta janye min tukunya Allah Ya tsare.' Ke! Sunan folda ne wannan ko labaran ƙarfe bakwai?"

"To ai don in ya dawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe haihuwa ya tarar da dariya, ya buɗe dariya ya tarar da haƙori. Ba haka yaro ke girma ba?"

"Yaro ke nan. Kwamfuta kuwa haɗa sunayen nan take duka, daga na waje har na ciki, ta ƙirga baƙaƙen. Tana da iyaka. Jakar burauza ita ma folda ce cikin folda, da nata dogayen sunayen. Kin cika ɗaki da surutu, kin ce baƙo ya shigo da kayansa."

Ƙyas. Ƙyas. Sai shiru. Alamar faifan ta ɓace daga allon.

Maman Lukuti ta ja da baya. Ta zauna kan wani tsohon firinta ba tare da ta san a kan me ta zauna ba. Injiniya ta zare igiyar, ta hura bakinta, ta ɗora faifan gaban fanka. A waje mai walda na ta ƙara, wani na tallan caja. Lukuti ta miƙa hannu ta cafko sukurdireba, uwar ba ta ma gani ba.

"Ni na kashe shi ko?" in ji Maman Lukuti a hankali. "Da surutuna."

"Bai mutu ba tukuna. Yi addu'a, ki bar kuka."

Injiniya ta mayar da igiyar. Faifan ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Alamar ta dawo.

"Goge su," in ji Maman Lukuti da sauri, hawaye na zuba. "Goge sunayen duka, Yaya, sa ɗaya biyu uku. Na yafe."

"Wa ya ce sai an goge? Matsa min."

Injiniya ta fito can bakin filashin, wajen duk foldodin, ta buɗe sabuwa, ta sa mata suna "b". Baƙi ɗaya tal. Ta ja jakar ta sake.

Koren layin ya sake tashi. Ya kai inda ya tsaya ɗazu, ya yi jim. Maman Lukuti ta damƙe hannun Injiniya har sai da ta ce wash. Ya wuce. Faifan na ƙyas-ƙyas kamar mai tari, layin na jan ciki, na jan ciki, har ya taɓo bango. Ko minti ba a yi ba faifan ya yi wata 'yar ƙara ya ɗauke. Wannan karon ko fanka ba ta tashe shi ba.

Injiniya ta buɗe burauza da jakar da aka kwaso. Shafin ya yi ta juyi. Sai ga akawun, a buɗe, ga jerin wasiƙu, ta sama ma sabuwa ce: "Ina labarin mutuniyata? Ta fara tsayuwa?"

"Tsayuwa! Ji shi, wai tsayuwa! Yana can baya!" Maman Lukuti ta yi tsalle har goyon ya kusa kwancewa. Aka tura masa bidiyon daga filashin. Injiniya ta sa ta canza kalmar sirri, ta sa sabuwar lambarta, ta maimaita kalmar har ta zauna mata.

"Saura abu ɗaya, Yaya. Ara min linzamin."

Ta shiga haihuwa, ta shiga dariya, ta shiga haƙori, ta shiga rarrafe. Ta buɗe sabuwar folda ta fara bugawa da yatsa ɗaya: "Yau Lukuti ta taka da ƙafarta daga bakin gado har..." Kwamfutar ta yi ƙit, ta ƙi karɓar sauran.

"Wurin da ya rage miki kaɗan ne," in ji Injiniya. "Ko ki fito waje ki rubuta duk abin da kike so."

Maman Lukuti ta dubi allon, ta waiga ta dubi 'yar da ta yi barci da sukurdireba a hannu. A'a, foldar tafiya a cikin ta rarrafe za ta zauna. Ta goge duka, ta rubuta: "Ta taka."

"Sauran," ta ce tana gyara goyo, "in ya dawo ya ji da bakina."