Izinin Makcik Rosnah

Shekara huɗu na yi ina renon ƙwayoyin halittar wata dattijuwa, Makcik Rosnah, wato Inna Rosnah a harshensu, a ɗakin bincikenmu na Singafo. Daga ɗan yankin fatar hannunta muka samo su, muka mayar da su ƙwayoyin asali, waɗanda ake iya juyawa su zama tsokar zuciya ko jijiya. Ranar da na yi nasarar juya su zuwa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, shugabanmu Dakta Seah ya ɗauko takardar izinin da ta sa wa hannu tun farko.

"Hwee Kheng, binciken zuciya kaɗai ta amince da shi," ya ce. "Ki je ki tambaye ta. In ta ƙi, sai mu zubar da komai."

Wani abokin aikina ya ce ai tsohuwar ba za ta taɓa sani ba. Kwana biyu ina juya maganarsa a raina, sannan na kama hanyar kasuwar Bedok, inda take sayar da shinkafar kwakwa.

Na same ta tana kankare tukunya, cinikin safe ya watse. Na yi mata bayani.

"Wato har yanzu ina cikin firjinku?" ta ce. "Shi ya sa gwiwar nan ta ƙi ɗumi." Sai ta ajiye tukunyar. "Wannan ƙwaƙwalwar, tana tunani? Tana jin zafi?"

"Ba mu ga alamar haka ba, Makcik. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, kuma akwai iyakar da ba ma ƙetarewa."

"Maganin me kuke nema?"

"Cutar mantuwa."

Ashe cutar ce ta kama mijinta, har ya rasu bai iya tuna sunanta ba. Ta ce sai ta yi shawara da 'yarta da malaminsu na masallaci, in dawo ran Litinin.

Kwanakin nan ban iya cin abincin kirki ba. Da na koma, ta riga ta fito da tabarau da biro.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "Duk shekara ki zo da ƙafarki ki faɗa min inda aka kwana, ko da ba a samu komai ba."

Ta sa hannu a sabuwar takardar izinin a hankali, harafi bayan harafi. Na zauna a kan kujerar masu saye. Ta dube ni sama da ƙasa, ta zubo min shinkafa ta ƙara ƙwai.

"Ci, Dakta. Duk kin rame."