Jibo Ya Yi Gabas

A Hillat Sambo mutum ba ya ɓata, sai dai ya yi gabas. Kakannin mutanen ƙauyen daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, suka iso bakin kogin nan kudu da Abu Hujar, suka ce bari su ɗan huta. Hutun ne har yau ba a gama ba. An yi jikoki da tattaɓa-kunne, an noma dawa da albasa, amma in ka tambayi dattijo me ya hana shi ginin jan bulo, sai ya ce maka ai bisa hanya suke. Saboda haka duk namijin da aka wayi gari ba a gani ba, sai a ce Allah ya kira shi ya ƙarasa tafiyar kakanni. A yanka rago, a shafa fatiha, kowa ya koma gonarsa. Bin sawunsa kuwa abin kunya ne, don babu mai son a ce shi ya janyo mutum daga hanyar Allah.

Haka aka yi wa Jibo, mijin Maryamu, a shekarar babbar ambaliya. Ya fita da hantsi da sandarsa bai ce wa kowa uffan ba, da aka kwana biyu liman ya ce Jibo ya yi gabas. Ragon da aka yanka ma na Maryamu ne, kuma ita ta dafa. Tun daga ranar ta zama matar Alhaji. Ba ta yi takaba ba, tunda ba a ce ya mutu ba. Ba ta yi wani aure ba, tunda ba a ce ya sake ta ba. Duk alhajin da ya dawo ta jirgi sai ta kai masa gaisuwa ta tambaye shi, shi kuma ya ce mata Makka da faɗi. Ta haura shekara ashirin a haka, furfura ta cika mata kai, kuma abu ɗaya ne ke cin ta a rai: ta san ko tana da miji ko ba ta da shi.

Sai mijin Lubna, 'yar ƙanwarta, ya aiko da talabijin da dish mai kamo tashoshi daga Jidda. Kullum bayan la'asar a ta da inji, mata su cika tsakar gida suna kallon wani musalsal, wato wasan kwaikwayo mai dogon zango, na ƙasar Turawa da aka ɗora wa Larabcin littafi. Maryamu ba ta damu da shi ba, kuɓewarta kawai take zuwa da ita tana yankawa. Ran nan ta ɗaga kai ta ga wata Baturiya tana kuka, ga ƙarti bakwai masu baƙaƙen kwat suna birkice mata ɗaki, ga karnuka, ga jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kan gidan.

"Ke Lubna, mi waɗanga ka biɗa?"

"Mijinta, Inna. Bai dawo gida ba."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

Maryamu ta ajiye wuƙa. "Jiya-jiya? Ba su ce ya yi gabas ba?"

"Inna, su ba su da gabas," in ji Lubna, idonta na kan akwatin.

Maryamu ba ta ƙara taɓa kuɓewar ba. Ashe akwai inda ake neman mutum. Haushi ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ba ta san wa take jin haushinsa ba.

Da safe ta tafi wurin Mahadi mai nadi, wato rumfar kwanon da maza ke taruwa kallon ƙwallo da musalsal. Mahadi bai taɓa fashin kashi ɗaya na wasan ba. Ya sayi baƙin tabarau, ya koyi yadda babban mai binciken ke cire nasa kafin ya yi magana, ya daɗe yana jiran wani ya ɓata a ƙauyen, amma sai awaki. Da Maryamu ta gama bayani ya cire tabaran a hankali.

"Inna, da tun awoyin farko kika zo, da ya fi. Amma ma'alesh, ba komai. Kadiyya ta buɗe, an fara bincike."

Kafin azahar ya yayyaga tsohon mayafin Lubna mai ruwan ɗorawa ya kewaye gidan Maryamu da shi kamar yadda ake yi a musalsal, ya hana kowa shiga, har da ita Maryamun. Ya sa ledar burodi a hannu ya bi ɗakin yana tsince-tsince, ɗakin da aka share safe da yamma shekara ashirin. Ya tambayi wanda ya ga Jibo na ƙarshe, aka ce jakinsa. Jakin ya daɗe da mutuwa, sai aka kawo jikansa, Mahadi ya zagaya shi sau biyu ya ce akwai abin da dabbar nan ke ɓoyewa. Daga nan ya sanar da Maryamu cewa ita ce ta farko a cikin waɗanda ake zargi, don a musalsal kullum matar ce. Ta ce ta yarda, in dai za a ci gaba da nema.

Liman ya zo da kansa yana dogara sanda, ya ce wannan aiki bai dace da jikokin masu hijira ba. Maryamu ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Allah shi gafarta Malam, in yana Makka, ai biɗa ba ta fiddo shi." Liman ya ce Allah ya kyauta, ya juya.

Matsalar da ta rage ita ce hoto. A musalsal, ana sa tsohon hoton mutum a na'ura ta tsofar da shi, a ga yadda ya koma. Mahadi ba shi da na'ura, Jibo kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Amma yana da ƙane, Attahiru mai albasa, uwa ɗaya uba ɗaya, har gibin haƙori iri ɗaya. Mahadi ya ɗauko mai zanen jikin manyan motoci daga Abu Hujar, aka zaunar da Attahiru a kan turmi, aka ce wa mai zane ya zana shi ya ƙara masa shekara biyar. Mai zane ya dubi Attahiru, wanda rana da hayaƙin mota suka riga suka ƙara masa goma, ya zana shi yadda yake. Aka kai Sinja aka buga da yawa. A ƙasan hoton Mahadi ya sa aka rubuta da Larabci cewa wannan bawan Allah ya ɓata, mai yiwuwa ya manta kansa, kuma in ya musanta sunansa kada a saurare shi, a kawo shi Hillat Sambo gidan Maryamu. Aka manna a kasuwanni, da jikin motoci, da kwalekwalen fito.

Ranar kasuwar Abu Hujar, Maryamu na tankaɗe sai ta ji kabbara a ƙofar gida. Ta fito da sauri. Ga amalanken jaki, ga samari a kewaye, ga Attahiru a zaune a tsakiya an ɗaure shi da rawaninsa.

"Hajja, ga mijinki! Yana ta cewa ba shi ne ba, yadda aka rubuta!"

"Maryamu, don girman Allah ki gaya masu!" in ji Attahiru. "Albasata tana can cikin rana!"

Ta gaya masu, ta ba su ruwa suka sha, ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado har tankaɗen ya sha ƙura.

Mako na gaba daga Sinja aka kawo shi a bayan tarakta. Na gaba da shi wasu mata masu sayar da shayi ne suka rufe shi a shago har aka samu mota. Attahiru ya aske gemu, aka ce ai masu ɓata suna sauya kama, aka kawo shi. Ya rataya katin shaidarsa a wuya, wani malamin makaranta ya duba ya ce wanda ya sace shi ne ya yi masa na jabu, aka kawo shi. Har ta kai direbobi in sun gan shi a bakin hanya ba sa tambayarsa inda za shi. Mahadi kuwa ya ce wannan duk ci gaba ne, jama'a sun farka. Daga ƙarshe Attahiru ya bar albasa ta ruɓe, ya shige ɗaki ya ce ko gobara ake kada a kira shi.

Abin dariya ne ga kowa, har yara suka mayar da shi wasa, ɗaya ya zama Attahiru sauran su kama shi. Maryamu ce kaɗai ba ta dariya. Ta san Attahiru za ta gani, amma duk ranar da ta ji kabbara sai gabanta ya faɗi kamar na farko, kuma sai ta gyara ɗaurin ɗankwali kafin ta fito. Kunyar wannan gyaran ɗankwalin ta fi komai yi mata ciwo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wata farar a-kori-kura mai ƙarnin kifi ta tsaya a ƙofar gidan. Masunta ne daga Rusayris, can wajen madatsar ruwa, tafiyar rabin yini. A bayan motar, tsakanin kwandunan banda, wani tsoho na zaune ya sunkuyar da kai, hannunsa ɗaure da igiyar koma. Mutane suka taru suna dariya tun kafin a kashe mota. Mahadi ya iso da sauri, bai ko cire tabarau ba.

"Ya jama'a, shukran, amma kun yi wahalar banza. Wanga ƙanen ne. Ku kwance shi ya tai gida, shi ke nan."

"Shekara da shekaru yana kamun kifi tare da mu," in ji direban. "Malam Na-Yamma muke ce mai. Mun ga hoto a kasuwa, ya ce ba shi ba ne."

"Duk haka yake cewa," in ji Mahadi. "Attahiru, yaushe kuma ka koma su?"

Maryamu ta fito ba tare da ta taɓa ɗankwalinta ba, don ta gaji. Ta zagaya bayan motar da kwanon ruwa a hannu. Tsohon ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai ƙasa da sauri. Attahiru kullum ido cikin ido yake kallonta yana masifa. Wannan kuwa kallon gefe ya yi mata, irin na mutumin da ya ci tuwo bai ce an gode ba, kallon da ta sani tun tana amarya. Ruwan ya zube mata a ƙafa.

Ta matsa har jikin motar, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji. "Malam, ka isa Makka?"

"Ban isa ba."

"Ina ka tsaya?"

"Nan Rusayris. Kamun kifi na tai yi na wata guda, in samo muna abin cefane, ambaliya ta cinye gona. Ina shirin dawowa wani ɗan garinmu ya same ni, bai gane ni ba cikin duhun rumfa, yana ba mutane labari wai Jibo ya yi gabas, an yanka rago, liman ya yi addu'a. To da wane ido zan shigo gari ba Alhaji ba? Na ce bari in tai in yi hajjin tukuna. Kowace shekara ina cewa baɗi."

"Ragona ne aka yanka," in ji Maryamu. Ita kanta ba ta san abin da ya sa wannan ne ya fito daga bakinta ba.

"Na roƙe ki," in ji shi. "Ki ce masu Attahiru ne. Su mai da ni. Ki bar ni bisa hanya, ke ma ki zauna da sunanki na matar Alhaji."

Ta dube shi. Ya rame, haƙoran gaba sun zube, ƙafarsa duk faso, rigarsa kuwa ko almakashi ba zai same ta da wurin yanka ba. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ya fi tausayin yawa, kuma a ƙarƙashin duka biyun akwai wani sanyi da ta ji ya sauka mata a ƙirji, don yau dai ta sani. Liman na tsaye a gefe da jama'arsa. Mahadi na ta yi wa direba bayanin yadda ake gane mai ɓata na gaskiya. Direban har ya sa hannu zai ta da mota.

Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ta juya ta fuskanci mutane, ta ɗaga murya har ta bayan katanga ta ji.

"Jibo ne. Mijina ne. Bai tai Makka ba, kifi yake kamawa a Rusayris."

Dariyar ta ɗauke. Liman ya shiga laluben carbinsa. Mahadi ya fara cewa a ƙa'ida mai bincike ne ke sanarwa, babu wanda ya waiwaye shi. Maryamu ta kwance igiyar da hannunta, ta kama bakin rigar tsohon ta sauko da shi, ta ja shi ta tsakiyar mutanen da suka ci naman ragon, kowa na kauce wa idonta.

A tsakar gida ta sake shi, ta zauna a kan tabarma. Ya tsaya yana waige-waige, ƙishirwa ta bushe masa leɓe, ya nufi gindin bishiyar da tulu yake a da, ya tarar babu ko bishiyar. Ya leƙa bayan ɗaki, ya dawo, ya leƙa madafa. Maryamu ta san inda tulun yake. Ta miƙe ƙafa, ta bar shi ya nema.