Murfin Alhamis

Murafan kwalaben magani takwas Auta ta jera a kan teburin falo, kowanne da sunan darasi a jikinsa. A ƙarƙashinsu akwai kwali da ta zana ranakun mako. Haka take tsara rajistar kowane zango tun da ta shiga sashen injiniyanci: ta tura lissafi nan, ta ja kimiyyar lantarki can, har kowa ya samu mazauni.

Bakwai sun zauna lafiya. Na takwas, jan murfi, shi ya ƙi. Darasin gwajin ƙarfin ƙarafa ne, kuma ranar Alhamis ake yinsa, daga takwas zuwa sha biyu. Ita kuwa Alhamis da safe, kamar Litinin, ranar wankin ƙodar Umma ce. Yayanta direban tanka ne, sai ya yi wata bai leƙo gida ba. Auta ke kai ta, ita ke tallafo ta a matakala idan ta fito jiri na ɗibarta.

Ta je wurin malamin da ke sa hannu a fom, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro. Mutumin ba mugu ba ne, amma wallahi maganarsa ba ta da romo.

"Sau ɗaya ake bayar da shi a shekara," in ji shi. "Duk darussan ajin ƙarshe a kansa suke tsaye. Kin ajiye shi, kin ƙara shekara."

"Malam, babu rukunin yamma?"

"Sashe uku ke raba ɗakin gwajin nan. Talata sha biyu nake rufe karɓar fom."

A asibiti ma ta roƙa a sauya ranar. Injina huɗu ne, masu jira sun fi talatin. Ina!

Umma ba ta iya karatu ba, amma shekara uku tana kallon kwalin nan, ta san gidan kowace rana. Ran Asabar ta ga Auta na juya jan murfin a hannu.

"Wannan fa, ba shi da ɗaki?"

"Ɗakinsa naki ne, Umma."

Umma ta gyara filon da ke ƙarƙashin ƙafafunta. "Au, ban faɗa miki ba? Likita ya ce sau ɗaya a mako ya ishe ni yanzu. Litinin kawai."

Auta ta yi tsalle har ta ture kujera. Ta ɗora murfin a kan Alhamis, ta cike fom. Ita da ke gane kuskure a layi na goma na lissafi, ba ta tsaya ta tambayi yaushe likitan ya ce haka ba. Tana so ya zama gaskiya, shi ke nan.

Ran Litinin, bayan an haɗa Umma da inji, nas ta ja ta gefe.

"Ƙanwata, ki yi wa tsohuwar nan magana. Ta ce mu cire sunanta daga Alhamis, wai ta samu sauƙi. Wane sauƙi? Dubi ƙafarta."

Auta ta duba. Silifas ɗin Umma ya bar shatarsa a bayan ƙafa, zurfi kamar an ɗaure da igiya. Kunya ta kama ta, sannan tsoro, sannan wani haushi da ta rasa wanda za ta ɗora wa.

"Kada ku cire," ta ce.

Da suka isa gida ta ɗauke jan murfin daga kwali, ta jefa shi cikin durowa. Ta fito da fom, ta ja layi a kan darasi na takwas, sai da biron ya kusa huda takardar.

Washegari da safe ta fito da jaka a kafaɗa, sai ta tarar murfin ya koma kan Alhamis, a tsakiyar gidan daidai. Umma na zaune, ƙafafu a kan filo, tana kallon taga.

"Umma, wa ya taɓa min kwali?"

"Murfin maganina ne. Ni ke da iko da shi." "Shekara guda ba wasa ba ce, Auta. Ina so in ga ranar gama karatunki da idona."

Auta ta miƙa hannu, sai ta fasa. Ta bar murfin inda yake. Fom ɗin na cikin jaka, kuma ko ta buɗe shi a gabanta, Umma ba za ta san abin da layin ya kashe ba.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Nas ta ce jibi ƙarfe bakwai. Zan tashe ki."

Auta ta duba agogo, ta ja ƙofar a hankali.