Inci Huɗu

Ranar da Malama Lami ta koma aiki bayan fita takaba, ta tarar da takarda mai hatimi a kan teburinta, an danne ta da usur ɗin mijinta. Wani ne ya tsinto shi a ɗakin ajiyar kayan wasa, ya rasa inda zai kai shi. Ta jefa usur ɗin a jaka kamar wadda ta tsinci makullin wani, sannan ta karanta takardar. Kwaleji ta sa ta cikin kwamitin mutum uku da zai zaɓi sabon kocin ƙwallon kwando, wanda zai maye gurbin marigayi Malam Isyaku. Wato dai mijinta.

Ba ta ji komai ba. Haka ta zama tun rasuwar. Wata huɗu da kwana goma tana zaune a gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, mata su shigo su yi ta kuka, ita kuwa ta tashi ta miƙa musu ruwa. Tuwo da shinkafa da koko duk sun zama abu ɗaya a bakinta. Ci take yi kawai don an ajiye mata.

Shekarar ce soja suka koma bariki, ga damina ta kankama. Alhaji Garba, magatakardan kwaleji kuma shugaban kwamitin, shi ya fi kowa murna da wannan sauyi.

"Da can ai waya ɗaya ce, Malama, shi ke nan an naɗa mutum," in ji shi, yana raba musu takardun maki. "Yanzu kuwa farar hula ne. Sai an zauna, a tambaya, a ba da maki, kowa ya sa hannu. Ke ce shugabar sashen motsa jiki, babu yadda za a yi ba ke."

"To," ta ce.

Na ukunsu Malam Inuwa ne, malamin lissafi, mutumin da ba ya iya riƙe dariya ko a wurin taro.

Mutum uku suka nemi aikin. Na farko, Tanko, ya shigo da babbar riga da wasiƙar wani sabon ɗan majalisa, ya ajiye ta a teburi tun kafin ya yi sallama. Malam Inuwa ya tambaye shi 'yan wasa nawa kowane ɓangare ke sawa a fili. Tanko ya dubi rufin ɗaki, ya ce sha ɗaya.

"Har da mai tsaron kwandon?" in ji Malam Inuwa.

"Har da shi."

Aka yi masa godiya, aka ce zai ji daga kwaleji.

Na biyu Junaid ne. Shi kam ɗan gida ne. Shekara huɗu yana kyaftin a hannun Malam Isyaku, bayan ya gama kuma ya zauna yana taya shi horo ba ko sisi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da ya shigo sai da ya durƙusa ya ce, "Inna, ina kwana," kamar yadda duk yaran mijinta ke ce mata. Ya amsa tambayoyi tsaf. Da Alhaji Garba ya ce masa me zai gyara in an ba shi, sai ya ɗan saci kallon Lami, ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, babu abin da zan canza. Yadda Malam ya bar filin nan, haka zan riƙe shi."

Alhaji Garba ya gyaɗa kai har hularsa ta zame. Lami ta rubuta maganar a gefen takarda, ta ja layi a ƙarƙashinta.

Na uku baƙo ne, Misbahu, malamin sakandare daga wajen Rano. Acaɓa ya sauke shi a bakin ƙofa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ba shi da yawan magana, kuma bai san kowa a ɗakin ba.

Da hantsi ya dubi ludayi aka fita fili, don kowa ya nuna horo na rabin awa da 'yan wasa. Junaid ya yi nasa, yaran suna gudu tun kafin ya buɗe baki. Da aka zo kan Misbahu, sai ya karɓi ƙwallo ya tsaya a layin jefa kyauta. Ya jefa, ta wuce ta daki bayan zoben kwandon. Ya sake, haka. Ya sake na uku. Sai ya ajiye ƙwallon, ya je ƙarƙashin kwando ya miƙa hannu sama, ya tsaya yana kallo. Ya taka zuwa ɗaya kwandon, ya yi haka.

"Don Allah ko akwai tsani da tef ɗin awo?"

Aka kawo daga wurin kafinta. Ya hau ya auna, ya sauko.

"Ƙafa goma ake so daga ƙasa zuwa zobe," in ji shi. "Waɗannan duka biyun sun gaza da inci huɗu. Yaran nan in suna cin wasa a gida, to in sun fita ba sa ci. Hannunsu ya saba da gajeren kwando. Wanda yake horar da su a da bai taɓa aunawa ba ne?"

Wani yaro ya saki ƙwallo, ta yi ta gangarawa har cikin ciyawa, ba wanda ya bi ta. Junaid yana kallon takalminsa.

To, ita Lami ta san inci huɗun nan kamar yadda ta san sunan 'ya'yanta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka gina filin, a gurguje, don wani babban soja zai zo buɗewa. Ɗan kwangila, wanda aka ce surukin sojan ne, ya kawo bututun ƙarfe ɗaya da bai kai ba, aka raba shi biyu aka kafa. Da safe aka miƙa wa Isyaku takarda a gaban masu kaki, cewa aiki ya yi daidai da ƙa'ida. Ya sa hannu. Wa zai ƙi a lokacin? Daga baya tsoro ya ragu, amma kunya ta maye gurbinsa, don gyarawa na nufin ya faɗa da bakinsa cewa ya sa hannu a kan ƙarya. Duk sanda suka dawo daga gasa a Kaduna ko Jos, sai ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba, ya ce, "Lami, gaban zobe suka yi ta duka. Duk gaban zobe." Bara ya fara cewa, "Bari soja su tafi, zan faɗa." Saura wata uku su tafi ya riga su.

Da suka koma ofis, Alhaji Garba ya rufe ƙofa da ƙarfi.

"Wannan rashin ta-ido ne. A gaban matar mutum? Ko ƙasar kabarinsa ba ta gama kwantawa ba."

"Bai san matarsa ba ce, Alhaji," in ji Malam Inuwa. Wannan karon babu dariya a fuskarsa. "Kuma tef ba ya ta-ido. Na hau na duba da kaina."

Alhaji ya ba Junaid maki mafi yawa, Malam Inuwa ya ba Misbahu. Suka juyo suna kallon Lami.

"Malama, in kina so mu ɗage zuwa gobe..."

"A'a."

Ta dubi layin da ta ja ɗazu. Babu abin da zan canza. Ta tuna yaran da suka shekara goma sha ɗaya suna shiga mota da waƙa su dawo shiru, kowa yana zaton hannunsa ne ba shi da kyau. Ba ta ji haushin Misbahu ba, ba ta ji tausayin Junaid ba. Ta rubuta lambobinta kamar mai cika rajistar aji, ta sa hannu, ta tura takardar. Malam Inuwa ya haɗa lissafi. Misbahu ya wuce da maki shida.

Alhaji Garba ya daɗe yana kallon ta. "Allah ya jiƙan Malam Isyaku," ya ce kawai.

"Amin," ta ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana zaune a tsakar gida da kwanon dambu a gabanta, sai ta ji sallamar Junaid. Ya shigo da wani abu a ƙunshe cikin tsohuwar rigar wasa, ya zauna a bakin tabarma. Suka gaisa, ta tambayi mahaifiyarsa da ciwon ƙafarta.

"Ka ji sakamako," ta ce.

"Na ji, Inna."

"Ni na ba Misbahu. Gara ka ji daga bakina."

"Na sani. Alhaji Garba ya faɗa wa duk Tarauni." Ya ɗan yi murmushi. "Ya cancanta. Jifa uku ya yi ya gane. Ni sai da na shekara biyu."

Ta ɗago kai. "Ka sani?"

"Duk kyaftin ɗin da aka yi ya sani. Ba mu dai taɓa nuna wa Malam mun sani ba."

Ya kwance rigar. Guntayen bututun ƙarfe ne guda biyu, an yanka su daidai wa daida, an goge bakinsu.

"Baballe mai walda na bakin titi ya yanka mini, tun ranar da na ga sunana cikin masu intabiyu. Inci huɗu-huɗu. Na yi niyyar in an yi hutu, ba kowa a makaranta, mu yanke sandunan a tsakiya mu ƙara, mu shafa fenti. Yara su dawo su ga hannunsu ya ɗan ɓace, sati biyu su saba. Ba wanda zai ambaci sunan Malam."

"To me ya sa da aka tambaye ka, ka ce ba abin da za ka canza?"

Junaid ya shafa kai. "Inna, kina zaune a wurin."

Wani bas ya wuce a titi, kwandasta yana kiran Unguwa Uku. Lami ta miƙa hannu ta ɗauki guntu ɗaya. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta kwantar da shi a tafin hannunta, bai fi faɗin hannun da komai ba.

"Ki ba Misbahu," in ji Junaid. "In ni na kai masa, zai ga kamar da wata manufa. Ki ce masa Baballe ya san aikin."

"Kai fa?"

"Akwai wata firamare a Unguwa Uku, suna da zobe ɗaya a jikin bango. Zan fara aunawa."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe jakar da ba ta taɓa ba tun ranar nan. Ta fito da usur ɗin, ta ajiye a kan rigar wasan, kusa da gwiwarsa. Bai ɗauka nan da nan ba.

"Matso ka ci dambu," ta ce.

Ya wanke hannu ya matso, ya fara ci. Ta ɗebi loma ta kai baki, ta tauna, sai ta tsaya. Ta sake taunawa a hankali.

"Junaidu, wannan dambun bai yi gishiri da yawa ba?"

"Ya yi, Inna. Na dai yi shiru ne."