Ba Ja Ba Ne

Dutsen farko gilashin shagon mai magani ya samu. Kafin Tela ta ɗauke ƙafarta daga kan keken ɗinki, na biyu ya dira a kan rufin kwanonta.

"An cuce mu! Alƙalin wasa ya sayar da mu!" Ihun daga bakin titi yake tahowa, da ganga, da ƙarar babura.

Mako biyu ke nan tana ɗinka tutoci, ja da shuɗi, saboda wasan ƙarshe tsakanin ƙungiyoyin ƙwallon garin guda biyu. Unguwarsu ta masu shuɗi ce, kuma su aka ci. Ta tattara ragowar jan yadi ta cusa ƙarƙashin tebur, ta ja ƙofar ƙarfe, ta bar 'yar kafa tana leƙe.

A tsallaken layi Mai Agogo yana fama da akwatinsa na gilashi, yana so ya shigar da shi ciki. Shekara goma sha ɗaya shagunansu na kallon juna. Bara waccan sankarar mama ta ɗauke masa mata, kuma a asibitin ne wata nas ta maƙala masa ɗan siririn ƙyalle ruwan hoda a ƙirji, irin wanda ake sawa don tunawa da masu cutar. Tun daga ranar bai sa riga ba tare da shi ba. Tela takan tsokane shi ta ce, "Baba, ka fi 'yan mata ado." Shi kuma ya ce, "Ki bar su su mutu da kishi."

"Baba, bar akwatin ka shiga!" ta ƙwala masa.

Ya ɗaga mata hannu. "Kayan mutane ne a ciki, 'yata."

Sai ga su sun karyo kwana, sun fi su talatin, fuskoki duk shafe da shuɗin fenti. Sun riga sun kifar da teburin mai lemo, sun cinna wa wani jan babur wuta. Na gabansu ƙato ne mai ganga rataye a wuya. Shi ya tsaya, ya nuna ƙirjin tsohon da makaɗi.

"Kai tsoho, me ye wannan? A unguwarmu kake sa ja?"

"Ba ja ba ne, yaro. Ruwan hoda ne. Na matata ne."

"Ja ne ya koɗe! Cire shi!"

"Ni ban ma san wa ya yi wasa da wa ba."

"Cire, na ce!"

Mai Agogo ya ajiye akwatin a hankali, ya rufe ƙyallen da tafin hannunsa. "Ba zan cire ba."

Mai gangar ya kwashe shi da mari. Tabarau ya yi sama. Wani ya sa ƙafa ya ragargaza akwatin, agoguna suka watse cikin kwata. Tsohon ya durƙusa yana lalube da hannu ɗaya, ɗayan na nan a ƙirji. Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da bel, wani da guntun bulo.

Tela ta banke ƙofa ta fito ba ko takalmi. "Ku bar shi! Ba ku da iyaye ne? Matarsa ce ta mutu!"

Gwiwar hannun wani ta same ta a baki, ta faɗi. Daga ƙasan ne ta ga wata shuɗiyar tuta ta tashi sama, mai farin tauraro a tsakiya, ɗaure a jikin wata kakkaurar ƙotar shebur. Da hannunta ta ɗaura ta da safe. Ƙotar ta sauka a ƙeyar tsohon da wata irin ƙara kamar an fasa tulu.

Wanda ke riƙe da ita ya juyo. Fenti bai ɓoye mata shi ba.

"Auta!"

Ƙanenta ne, ciki ɗaya, wanda ta goya a bayanta. Ya dube ta, ya dubi tsohon, ya saki ƙotar ya ruga. Jiniyar 'yan sanda ta taso daga nesa, kan ka ce me layin ya zama wayam, sai hayaƙi.

Ta ja jiki ta ɗora kan Mai Agogo a cinyarta. Jini na fita ta kunnensa, yana jiƙa mata zane.

"Tela," ya ce, da kyar. "Agogon direban nan… na gama shi. Yana aljihun tebur. Kar ya zo bai samu ba."

"To, Baba. Yi shiru, ga mota nan zuwa."

Motar ta zo, amma bai jira ta ba.

Washegari da safe Inna ta tare ta a bakin murhu. Auta na ƙunshe a ɗakin baya tun jiya, ya wanke fuska har fatar ta yi ja.

"Ba ki ga komai ba," in ji Inna. "Kin ji ni? Su talatin ne. Wa zai ce wane ne?"

"Inna, a cinyata ya cika."

"Shi kuma wancan a cikina ya kwanta. Tsohon ya tafi, ba zai dawo ba. Kina so in rasa ɗana?"

Tela ta juya. Ta ɗauki mayafi ta tafi shago da kumburarren leɓe.

Ta tarar da 'yar marigayin, wadda ta iso daga garin da take aure, tsugune a bakin kwata tana tsintar agoguna ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da gefen zane. Wani ɗan sanda na tsaye da littafi. Ya bi shaguna shida, kowa ya ce shi lokacin a rufe yake.

Yarinyar ta ɗago. "Anti, an ce ke kika riƙe shi. Ya sha wahala?"

Tela ta buɗe baki za ta ce a'a, maganar ta ƙi fita. Sannan ta juya wajen ɗan sandan.

"Yallaɓai, buɗe littafinka. Na san mai gangar. Na kuma san wanda ya yi bugun ƙarshe."

Da rana aka zo aka tafi da Auta. Bai yi gardama ba, bai kuma dubi yayarsa ba. Inna ta bi motar da gudu har ɗankwalinta ya faɗi, ta dawo ta wuce Tela kamar ta wuce bango.

Kwana tara Inna ba ta ce mata uffan ba. Tela takan gaishe ta da safe, gaisuwar ta faɗi ƙasa. Ta koma cin abinci a shago, in ta dawo ta shige ɗaki ta rufe.

Ran na goma da yamma tana zaune a bakin gado, ta ji takun silifas ya zo ƙofarta ya tsaya. An jima ba a ƙwanƙwasa ba. Takun ya juya ya koma.

Da ta buɗe, kwanon abinci ne a ƙasa, an rufe shi da faranti, tururi na fita ta gefe.